Ranar da Akawal Ya Tsere Ba Ragama

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har sunayen wasu da muka yi aiki tare a masaƙa sai an tuna mini. Amma akwai rana guda da ko gigin tsufa ya kama ni ba na jin za ta fita daga kaina. Ita ce ranar da doki ɗaya tal da wata 'yar igiya suka kusa sa a zubar da jini a Kakuri. Har yau in na ji jiniyar mota sai gabana ya faɗi, daga baya kuma in kama dariya ni kaɗai, matata ta ce abin nasa ya motsa.

A lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba, farar hula sun karɓi mulki, ko'ina ka duba fastocin 'yan siyasa ne a bango. Ba a kuma daɗe da fita daga rikicin nan da ya raba Kaduna gida biyu ba. Maƙwabtanmu da yawa sun kwashe kaya sun haye kogi, mu kam muna nan Makera, don Baba ya rantse ba inda za shi, wai dawakinsa ba su san wani gida ba. Zaman lafiya ya dawo, amma irin wanda mutum ke zaune a shago ido ɗaya na kan titi. Idan wani ya ruga don ya cim ma bas, kafin ka ce me an fara jan ƙofofi. Ba wanda ke tsayawa tambayar me ya faru, gudu ake yi tukuna.

Sana'ar Baba saye da sayar da dawakin hawa. Yakan tafi kasuwannin ƙauye can arewa ya sayo su a rame, a kawo su a mota, ya ɗaure a turke ya yi ta ɗura musu harawa da dusa da kanwa har su murje, sannan masu sha'awa da masu ba angwaye haya su zo su saya. Ni kuwa da safe ina masaƙa, da yamma aikina in fitar da su kilisa don kada ƙafarsu ta yi sanyi.

Baba mutum ne mai sauƙin kai a komai, ban da abu ɗaya: ba ya sayar da doki da ragamarsa. Ragama ita ce igiyar nan da ake saƙa wa doki a ka, a riƙa jan sa da ita. A wurin su Baba, wanda ya zo sayen doki shi zai zo da tasa. In an gama ciniki mai doki ya zare tasa da hannunsa, mai saye ya sa tasa, to a nan ne doki ya tashi daga hannu ya koma hannu. Sun ce arzikin turke a jikin ragama yake, in ta bi doki ta fita to turken ya bushe ke nan. Na sha tsokanarsa in ce, “Baba, wannan a wane littafi aka rubuta?” Sai ya harare ni ya ce, “A littafin da ya ciyar da kai har ka yi gemu.”

A cikin dawakin da ke hannunmu lokacin akwai wani akawal, baƙi wuluk, sai ɗan fari a goshi. Ya daɗe a gidan, don Baba ya yi ta ce wa masu taya shi albarka, ni dai na san ba kuɗin ne bai kai ba, son sa yake yi. Doki ne mai sanyin hali, ko akuya ta shiga tsakanin ƙafafunsa ba ya ko ɗaga kunne. Hanyar kilisarmu ɗaya ce kullum: mu fita ta bayan gida, mu tsallaka layin dogo, mu bi ta layin makanikai na Kakuri, mu zagayo. A tsakiyar layin nan akwai wata dattijuwa Inyamura mai gasa masara, kowa Mama yake ce mata. A Kaduna ta yi aure, a nan ta aurar da 'ya'yanta, Hausarta ta fi ta wasunmu daɗi. Ita ce ta ɓata akawal. Kullum sai ta tara masa ɓawon masara da totuwa a kwali, da ta hango mu sai ta ce, “Ga kwastomana nan da ba ya biya!” Ni ma ta miƙo mini rabin masara mai zafi, mu ɗan taɓa hira in wuce. Bayan rikicin na ɗauke ƙafa na wani lokaci, daga baya na koma, tana ganina ta ce, “Au, kana raye ashe? Ka ƙi kawo mini yarona.”

To ranar da abin zai faru damina ce, wata Asabar bayan azahar, sai ga motoci biyu sun tsaya a ƙofar gidanmu. Wani sabon kansila ne daga Tudun Wada, ana ce masa Onarabul, da 'yan rakiyarsa har da mai hoto. Ya sayi gona a Mahuta, an kuma gaya masa babban mutum sai da doki. A kan motarsa an ɗaura wata jiniya, wadda ni ban san wanda ya ba kansila izinin sa ta ba, amma a zamanin nan kowa ya ci zaɓe sai ya nemo abin da zai yi masa kuka a hanya.

Idonsa na sauka kan akawal ya ce shi yake so. Bai buɗe bakinsa ya duba haƙora ba, bai ɗaga kofato ba, zagaya shi kawai ya yi yana bubbuga masa cinya kamar mai sayen mota. Aka yi ta ja, Baba na cewa albarka, shi yana ƙarawa, har dai kuɗin ya kai inda Baba ba zai iya ƙi ba. Ya shafa wuyan dokin ya ce, “To, Allah ya sa rabonka ne. Ina igiyarka?”

Onarabul ya yi dariya. “Wace igiya kuma, Baba? Doki sukutum zan saya a hana ni igiya?”

“Doki na sayar maka, ranka ya daɗe. Ragama ba ta cikin ciniki.”

Onarabul ya ce a ara masa, in an kai dokin Mahuta a dawo da ita. Baba ya ce in ta fita ƙofar nan a kan dokin da aka sayar, ta fita ke nan. Dole aka tura mutum ɗaya kasuwa ya sayo igiya. To Onarabul mai sauri ne, wai ana jiran sa a wani taro, ya ce kafin igiya ta iso a ɗauke shi hoto da dokinsa. Baba ya ce, “A ɗauka mana, amma in dai ragamata na kansa, da dokina ka yi hoto.” Nan fa 'yan rakiya suka samu abin yi. Wani ya ce, “Kai, Onarabul zai yi hoto da dokin aro!” Aka kwashe da dariya. Maganar ta sosa masa rai, ya ce a cire, ai ya ga dokin ba shi da faɗa.

Na ce, “Baba, a bari igiyar ta zo mana.” Ya ce, “Wannan? Ko zare ka ɗaura masa zai tsaya.” Gaskiya ya faɗa, ni ma shaida ne. Abin da ba wanda ya lura da shi a cikinmu shi ne ƙofar gida a wangale take, saboda motar Onarabul da aka turo hancinta ciki.

Baba ya yi bismilla ya zare ragama, ya kama geza ya damƙa wa Onarabul a hannu, ya ce, “Na sallama, Allah ya sa albarka.” 'Yan rakiya suka ɗauki tafi. Direba kuma, Allah ya shirye shi, don ya nuna shi ma yana murna, sai ya danna jiniya.

Wallahi ban taɓa sanin akawal na da wannan ƙarfin ba. Ya miƙe tsaye kan ƙafafun baya, ya yi wata haniniya, ya bi ta ɗan tsakanin mota da bango ya fice. Mai hoto ya faɗa cikin kwatarniyar dusa. Onarabul na tsaye baki buɗe, gashin geza cike da hannunsa.

A unguwarmu in doki ya kuɓuce kowa ya san abin yi, don ba yau aka fara ba. Ihu ake yi, “A tare! A tare!” kowa ya ɗauki abin da ke kusa ya bi. Haka aka yi. Masu shago suka fito da igiyoyi, wasu da sanduna don su tare masa hanya, masu wankin mota, masu facin taya, har mahaucin bakin layinmu ya baro teburinsa ya biyo mu da wuƙa a hannu, rigarsa duk jini, shi bai ma san yana riƙe da ita ba. Onarabul ya faɗa mota ya ce a bi dokinsa, direba ya sake sakin jiniya wai don a ba su hanya. Ni ina gaba ina gudu, ba abin da ke raina sai kada ya take ɗan wani ko mota ta kaɗe shi.

Sai da na ga ya karya kwana ta bayan gidaje sannan na gane hanyar kilisa ya bi. Na waiga na dubi abin da ke bayana, a karon farko na gan mu yadda mutumin Kakuri zai gan mu: taron Hausawa a guje, da sanduna, da igiyoyi, da mai wuƙa jina-jina, ga jiniya na kuka, duk mun nufi layin dogo. Dokin ya riga ya yi mana nisa, ya ɓace, ba wanda zai gan shi ya ce shi ake bi. Gabanmu kuwa tuni an fara. Ina jin ƙarar ƙofofin shaguna garam-garam, mata na kwasar yara, wata ta yar da tiren gyaɗa ta zura a guje tana kiran sunan Yesu. Na ɗaga hannu ina cewa a tsaya, a tsaya, amma wa zai ji ni? Waɗanda ke baya ma ba su san doki ake bi ba, sun ga ana gudu sun shigo.

Ban san lokacin da Baba ya hau acaɓa ba. Sai dai na ga ya wuce ni fuu, hularsa ta faɗi, babbar rigarsa na tashi, ragamar nan tana hannunsa har yanzu. Dab da layin dogo ya sa ɗan acaɓa ya gindaya babur a tsakiyar hanya. Ya diro ya tsaya gaban motar Onarabul, ya zabga wa bonet ragama ya ce, “Kashe wannan abin! Kashe shi, don ubanka!” Tunda nake ban taɓa jin Baba ya yi zagi ba sai ranar. Jiniya ta mutu.

Ya juyo kan jama'a. “Kowa ya zauna! A ƙasa! Ku zubar da sandunan nan!” Mutane suka yi cirko-cirko suna haki. Ya ce, “Ba ku ji ba ne? Ku dubi gabanku!”

Muka duba. Tsallaken layin dogo, a bakin layin makanikai, maza sun yi sahu. Wannan da rodi, wannan da sifana, wancan da guntun bulo. Mutanen da nake wucewa kullum muna gaisawa, har da wanda ke gyara mini keke, amma ranar ban ga fuskar da na sani ba, tsoro ya canja su kamar yadda ya canja mu. Tsakaninmu da su bai wuce jifa ba, kuma jifa ɗaya ake jira.

Ɗaya bayan ɗaya mutanenmu suka zauna a kan kwalta. Baba ya hango mahauci ya ce, “Kai kuma da wuƙa ka zo kama doki?” Mutumin ya dubi hannunsa ya ce innalillahi, ya cusa ta ƙarƙashin cinya ya zauna a kai. Onarabul ya leƙo ta taga ya ce bari ya je ya yi musu magana a matsayinsa na zaɓaɓɓe. Baba ya ce, “Ranka ya daɗe, zauna a inda kake, ka yi mana mai isar mu.”

Sannan ya ce da ni, “Taho. Buɗe hannuwanka su gani.” Muka tsallaka layin dogo mu biyu, shi ya ɗaga ragama sama, ni na ware tafuka. Ba zan yi muku ƙarya ba, duk addu'ar da na sani ta gudu ta bar ni sai bismilla kawai nake maimaitawa.

Wani ƙato ya daka mana tsawa. “Ku tsaya nan! Me kuke nema?”

Baba ya ce, “Doki muke nema, ɗana. Dokina ne ya kuɓuce.”

“Doki? Da wuƙa? Da jiniya?”

Ashe su ma yawancinsu ba su ga dokin ba. Suna ƙarƙashin motoci aka ce musu ga su nan zuwa, suka fito da abin da ke hannunsu. Wani saurayi a gefe ya gyara riƙon dutsensa, na ga kafaɗarsa ta ja baya. Na rufe ido.

Sai muka ji murya daga bayansu, tana masifa tana haɗa Hausa da Inyamuranci. “Ku ba ni hanya, marasa aikin yi! Ku matsa, ko in sa ya taka ku!” Sahu ya tsage biyu. Ga Mama nan tafe, kanta ba ɗankwali, furfura a waje, ta ɗaura ɗankwalin a wuyan akawal tana jan sa. Shi kuwa gogan naka yana biye da ita salun-alun, jikinsa sharkaf da gumi, ɓawon masara na reto a bakinsa yana tauna.

Ta zo har gaban Baba ta tsaya, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Alhaji, da girmanka da furfurarka ka saki doki tsirara a gari? Ya zo ya kifar mini da kasko, ya cinye kwalinsa, ya hau na gobe!”

Ban san wa ya fara ba, ina jin ƙaton nan ne. Wata irin dariya ta ƙwace masa har ya saki rodi ya dafa gwiwa. Sai ta bazu. Saurayin nan ya dubi dutsen hannunsa ya yar a kwata kamar ba shi ya ɗauko ba. Mutanenmu da ke zaune a kwalta suka hango doki suka ɗauka su ma. Ni dai na zauna daɓas a kan ƙarfen layin dogo, ina dariya hawaye na zuba, ban san wanne ne ya fi yawa ba. Ban taɓa jin sanyi a raina irin na wannan lokacin ba, ko ranar da aka ce mini matata ta sauka lafiya. Mai gyaran kekena ya zo ya dafa ni ya ce, “Oga, ka kusa kashe ni da tsoro.” Na ce, “Ni ka riga ka kashe ni.”

Baba bai yi dariya ba. Ya sa wa akawal ragama, ya kwance ɗankwalin ya miƙa wa Mama da hannu biyu. Ta ce, “Me zan yi da shi, duk warin doki? Riƙe abinka.” Ya bi ta har wurin kaskonta, ya durƙusa da babbar rigarsa yana tsince mata masarar da ta warwatse a ƙasa, tana cewa ya bari, yana cewa ba zai bari ba. Makanikai suka taya shi. Kafin a kira la'asar an sake buɗe shaguna, wadda ta yar da gyaɗa ta dawo tana neman tirenta tana zagin kowa da kowa.

Da muka komo tsallake, Onarabul ya fito daga mota jiki a sanyaye. Wanda aka aika sayen igiya har lokacin bai dawo ba, daga baya muka ji yana jin an fara ya yi gida abinsa. Onarabul ya ce ko a fasa cinikin ne. Baba ya ce, “Na riga na sallama.” Ya kama ragamar nan, wadda ya ƙi ara ko na awa ɗaya, ya danƙa masa a hannu.

Na ce, “Baba, ragamar fa?”

Ya ce, “Bar shi ya tafi da ita. Na ga arzikin da ta kusa jawo mana.” Ya juya ga Onarabul ya ƙara da cewa, “Amma jiniyar nan, in dai dokin nan na kusa, kada in ji ta.” A gabanmu direba ya hau ya kwance ta.

Washegari Baba ya sa na kai wa Mama buhun ɗanyar masara a kan keke. Turkenmu kuwa bai bushe ba, dawaki suka ci gaba da shigowa suna fita har ƙarfinsa ya ƙare. Bai bar al'adarsa gaba ɗaya ba, kada ku ɗauka tsoho na canjawa haka da sauƙi. Abin da ya koma yi shi ne ajiye sababbin igiyoyi a gida, duk wanda ya zo hannu sake ya ba shi ɗaya kyauta, kuma sai ta mai saye ta zauna daram a kan doki sannan ya zare tasa. A ƙusar da ragamar akawal ke rataye a da, nan ya rataye ɗankwalin Mama, yana nan har ya rasu, ya koɗe ya zama ba a gane launinsa. In baƙo ya tambaya sai ya ce, “Wannan ita ce igiyar da ta fi kowace igiya yi mini aiki.”

Abin da ranar ta koya mini ke nan, kuma shi nake gaya wa 'ya'yana. In za ka bi abinka da ya kuɓuce, ko da gaskiyarka ta kai ina, tsaya ka dubi kanka da idon wanda ka nufa, don shi bai ga dokin ba, kai ya gani a guje. Kuma kada ka raina 'yar tsayawar nan da kake yi a gaisa da mutumin tsallake. Mu duka, manya da gemunmu, tsoro ya sa mun manta mun san juna. Dokin ne kaɗai bai manta inda ake ba shi ɓawon masara ba, ya tafi can kai tsaye, shi ya sa ranar kowa ya kwana a gidansa.